4.3 Tarken Cinikin Fitilun Titi Masu Haɗin Sadarwa: Misalin Birnin San Diego

A sassan da suka gabata na wannan babi an yi bayanin yadda ake haɗa fitilun titi da juna ta hanyar sadarwa, ta yadda ma'aikaci ɗaya zai zauna gaban kwamfuta ya kunna, ya kashe, ko ya rage hasken dubban fitilu, ya kuma san wadda ta mutu tun kafin a kawo masa ƙara. A wannan sashe kuwa za a yi ƙoƙarin tarken wata magana da ta zama ruwan dare a bakin kamfanonin da ke wannan ciniki, wato cewa turken fitila shi ne harsashin abin da suke kira birni mai basira. Hujjarsu ita ce turke yana kowane titi, yana da tsawo, kuma an riga an ja masa wuta, saboda haka babu inda ya fi shi dacewa a rataya kyamara da na'urorin ƙidayar motoci da na auna iska.

Abin da wannan bincike ya lura da shi shi ne, maganar ta cusa haja iri biyu cikin buhu ɗaya, aka yi musu kuɗi tare. Haja ta farko ita ce sauya tsofaffin ƙwayaye da na LED, kuma amfaninta ba abin musu ba ne. Alal misali, birnin Los Angeles ya fara irin wannan sauyi a shekarar 2009, ya sauya fitilu kimanin 140,000, wutar da suke ci ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100. Haja ta biyu ita ce na'urorin tattara bayanai da ake ɗorawa a kan turken. Ita wannan ba ta rage kuɗin wuta ko na sisin kwabo. Hasali ma kuɗi take ci duk shekara, na sadarwa da na ajiyar bayanai. Amma sai a sayar da ita a inuwar ta farko, a ce rarar kuɗin wuta za ta biya duka.

Ya kamata a tambayi dalilin da ya sa kasuwar ta karkata wannan ɓangare. Ƙwan LED yakan yi shekaru goma ko fiye bai mutu ba, ga shi farashinsa ya yi ta faɗuwa. Ke nan kamfanin da ya sayar wa birni fitilu yau, ya yi sallama da wannan mai saye na tsawon lokaci, sai fa in ya sami abin da zai riƙa karɓar kuɗinsa wata-wata. Wannan ne ya sa manyan kamfanonin fitilu suka koma tallar bayanai, suka kuma shiga saye da sayar da junansu. Kamfanin Philips ya ware sashensa na fitilu a 2016, sashen ya koma Signify a 2018, sannan ya saye Telensa na Birtaniya a 2021. Haka kuma Itron ya saye Silver Spring Networks a 2018. Masu rubuta rahotannin kasuwa sukan ɗauki wannan hada-hada a matsayin alamar bunƙasa. Mai bincike yana ganin cewa ga hukumar birni alamar haɗari ce, domin turke yakan yi shekaru talatin a tsaye, kamfanin da ya rataya masa na'ura kuwa yana iya canza hannu sau biyu cikin shekaru uku.

Haka ɗin ce ta faru a San Diego, a jihar Kalifoniya ta Amurka. A watan Disamba na 2016 majalisar birnin ta amince da bashin kimanin dala miliyan 30 domin sauya fitilu 14,000 da kuma ɗora na'urori 3,200 na kamfanin Current, wanda a lokacin reshen General Electric ne. An gabatar da shirin ne a matsayin aikin tsimin wuta. An ce na'urorin za su nuna wa direbobi inda gurbin ajiye mota yake, su ƙidaya masu tafiya a ƙasa da masu kekuna, har ma matasa masu ilimin kwamfuta su gina sana'o'i a kan bayanan. Cewa kowace na'ura tana ɗauke da kyamara mai ɗaukar hoton titi dare da rana, wannan bai sami wata doguwar muhawara ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Bayanan da aka yi alkawari sun zo da rauni, har jaridun birnin suka ba da rahoto a 2020 cewa ƙidayar ba abin dogaro ba ce, kuma sana'o'in da aka yi hasashe ba su samu ba. Abin da ya yi aiki sosai shi ne kyamarar. Tun daga 2018 'yan sanda suka fara neman hotunan, kuma kafin ƙarshen 2020 sun yi amfani da su kusan sau 400, ciki har da lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd. Wato ke nan, kayan da aka saya da sunan fitila sun rikiɗe sun zama kayan sa ido, ba tare da an koma majalisa an nemi izini ba, kuma ba tare da wata dokar birni da ta fayyace wanda zai kalli hotunan da kuma dalilin kallonsu ba.

A nan wajibi ne a yi adalci. 'Yan sandan sun kafa hujja da cewa hotunan sun taimaka wajen gano masu kisa, har ma sun wanke waɗanda aka zarga bisa kuskure, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Wannan tarke bai ce kyamara a titi haramun ba ce. Abin da yake cewa shi ne, wannan hukunci ne da mutanen gari ya kamata su yanke da idonsu a buɗe, ba a shigo musu da shi cikin takardar sauya ƙwan fitila ba.

Daɗin daɗawa, a cikin wannan ɗan tsakani kayan sun canza hannu har sau biyu. General Electric ya sayar da Current ga American Industrial Partners a 2019, sannan a 2020 aka sayar da sashen na'urorin, mai suna CityIQ, ga wani kamfani, Ubicquia. Da surutu ya yi yawa, magajin garin na lokacin, Kevin Faulconer, ya dakatar da amfani da hotunan a watan Satumba na 2020. Abin mamaki, sai ta bayyana cewa kyamarorin suna nan suna ɗauka, domin wutarsu ɗaya da ta fitilun, kashe su yana nufin jefa tituna cikin duhu. A ganin mai bincike, wannan shi ne aibi mafi girma a ƙirar shirin, ya ma fi batun kuɗi: hukuma ta ci bashi ta sayi kayan da ba ta da ikon kashewa. Irin wannan ba ya fitowa a jadawalin masu hasashen kasuwa, tun da su yawan abin da aka sayar suke ƙirgawa, ba abin da mai saye ya ƙaru da shi ba.

San Diego ba ita kaɗai ba ce ta ga sanyin wannan kasuwa a shekarar. A watan Mayu na 2020 Sidewalk Labs ya janye daga shirinsa na gina unguwa mai basira a Toronto ta Kanada, a ƙarshen shekarar kuma Cisco ya daina tallar manhajarsa ta birane. Duk da haka cinikin haɗa fitilu domin rage haske da gano lalacewa bai tsaya ba, saboda shi ana ganin ribarsa a takardar kuɗin wuta.

Majalisar San Diego ta kafa dokar sa ido kan irin waɗannan na'urori a 2022, tare da kwamitin ba da shawara kan sirrin jama'a. A 2023 ta amince a ɗora sababbin kyamarori 500 a kan turakun fitilu, haɗe da na'urorin karanta lambar mota. A wannan karon hukumar 'yan sanda ce da kanta ta kawo buƙatar, aka yi tarukan jin ra'ayin jama'a, aka yi gardama mai zafi kafin a kaɗa ƙuri'a, kuma babu wanda ya ƙara kawo zancen gurbin ajiye mota ko tsimin wuta.