YAƘIN BAMA A BAKIN WANI: TARKEN LITTAFIN BURMA BOY NA BIYI BANDELE

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ɗan tsokaci shi ne wata tambaya da muka yi wa ɗalibanmu na ajin ƙarshe a nan Zuru. Mun ce da su, wa zai gaya mana inda aka yi yaƙin Bama? Waɗanda suka ɗaga hannu duk cewa suka yi ai Bama tana Jihar Borno. Ba mu ga laifinsu ba, domin kuwa ita ce Bamar da suke ji a rediyo. Abin takaicin shi ne, da wuya a rasa jikoki ko tattaɓa-kunnen waɗanda suka je waccan Bama ta ƙetaren teku a cikin ajin, wato ƙasar da yanzu ake kira Myanmar.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu gabatar wa mambobin ƙungiya wani ƙagaggen labari da aka rubuta da Turanci, mai suna Burma Boy, wanda aka buga a Landan a 2007. Marubucinsa Biyi Bandele haifaffen Kafanchan ne a 1967, ya kuma rasu a Legas a 2022. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka yi yaƙin. Za mu duba inda littafin ya yi ƙwazo da inda ya gaza, sannan mu ga darasin da ke ciki ga mai rubutu da Hausa.

Tushen labarin a tarihi

Kafin mu shiga tarke, ya kamata mai karatu ya san ƙasar da aka kafa ginin a kai. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Ingila ta ɗebi soja daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya a ƙarƙashin rundunar da ake kira RWAFF. Da farko an kai su gabashin Afirka, inda birged ɗin Nijeriya ya shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, ya wuce cikin Habasha. Bayan haka aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya, daga can sai Bama, domin su kara da Japanawa. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je wannan fage, fiye da rabinsu kuwa 'yan Nijeriya ne.

Daga cikin runduna ta 81 aka zare birged na 3, mai bataliya uku na Nijeriya, wato ta 6 da ta 7 da ta 12, aka miƙa wa Janar Orde Wingate. Sojojinsa, waɗanda ake wa laƙabi da Chindit, aikinsu shi ne a sauke su da jirgin sama a bayan abokan gaba, su datse musu hanyar abinci da makamai. An fara wannan farmaki ranar 5 ga Maris 1944, shi kuma Wingate ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga watan. Ɗaya daga cikin sansanonin da suka kafa a kan hanyar jirgin ƙasa shi ne White City, wanda ya sami sunansa daga fararen lemomin saukar da kaya da suka maƙale a kan itatuwa. A nan ne sojojin Nijeriya suka sha ruwan wuta a watan Afrilun 1944, a nan ne kuma Bandele ya ajiye mafi yawan labarinsa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta barikin Chindit a Zariya, ko Kalapanzin a Kaduna, ko Dodan a Legas, to ya wuce ta gaban sunayen da aka kwaso daga wancan yaƙi, ko ya sani ko bai sani ba.

Jigo da tauraro

Tauraron littafin yaro ne da bai wuce shekara 14 ba, ana kiran sa Ali Banana. Yaron maƙeri ne da ya gaji da bulalar maigidansa, ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja. Ciwon ƙaranbau ya kwantar da shi a Indiya har abokansa suka tafi suka bar shi, daga baya aka haɗa shi da wani sashe a ƙarƙashin Samanja Damisa, wanda ya zame masa uba. Ali yaro ne mai surutu da cika baki da taurin kai, yana alfahari da cewa Sarkin Ingila yake wa yaƙi, alhali bai san abin da ya haɗa sarkin da Japanawa ba.

A nan jigon littafin yake. Marubucin bai tsaya yi mana wa'azi a kan sharrin mulkin mallaka ba. Ya bar yaron ya yi ta zuba, mai karatu yana dariya, har sai da dariyar ta koma tausayi. Wannan dabara ce da ya kamata masu tasowa su lura da ita. Da yawa daga cikinmu in muna son isar da saƙo, sai mu tsayar da labari cak, mu ɗora tauraro a kan mumbari ya yi shafi uku yana nasiha. Bandele ya nuna cewa rashin sanin yaro ya fi dogon jawabi tona asirin zalunci.

Ƙarshen labarin ya fi ko'ina nauyi. An yi wa sashen kwanton ɓauna, Damisa ya sami raunin da ba zai tashi ba, ya roƙi yaron da ya ƙarasa shi da hannunsa kada ya faɗa hannun abokan gaba. Ali ya aikata, ya shiga daji shi kaɗai, ya komo sansani hankalinsa ba daidai ba. Yabon gwani ya zama dole. Yaron da ya cika mana kunne tun farko, a nan muka ga abin da yaƙi ya mayar da shi, ba tare da an ce mana ga darasi ba.

Zubi da tsari

Inda muka fara samun saɓani da marubucin shi ne ƙofar shiga labarin. Littafin bai buɗe da Ali ba, bai kuma buɗe da Nijeriya ba. Ya buɗe ne a Alƙahira a 1941, da Wingate yana fama da zazzaɓi da ruɗewar tunani har ya yi yunƙurin kashe kansa a ɗakin otal. Abin ya faru da gaske, an kuma rubuta shi da gwaninta. Za a iya kare marubucin a ce ya fara da taɓuwar hankalin janar ya rufe da taɓuwar hankalin farabiti, domin ya nuna cutar daga sama ta gangaro. Mun yarda akwai hikima a nan.

Duk da haka, a ganinmu an yi tsada. Turawa sun cika kantuna da littattafai a kan Wingate, ba ya bukatar wani ya ƙara masa. Littafin da ya zo domin ya ba sojan baƙar fata baki, sai ga shi ya shimfiɗa wa Bature tabarma a zaure, mai gida yana tsaye a waje yana jira. Wannan zubi ya fi dacewa da mai karatu na Landan, wanda sai ya ga fuskar da ya sani kafin ya yarda ya shigo.

Salo da sarrafa harshe

Hausa ita ce harshen bariki a wancan zamani. Da ita ake ba da umurni, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta. Bandele, da yake ɗan Kafanchan ne, ya san haka, ya kuma yi amfani da kalmomin da bakin soja ya lanƙwasa, irin su farabiti da samanja da kyaftin da janar. Ya zuba habaici da zambo da ba'a irin ta 'yan bariki, abin da ya sa hirarrakin sojojin suka zama gishirin littafin.

Amma fa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Duk wata ba'a da ke cikin littafin an haife ta ne da Hausa, aka sa mata rigar Turanci. Mai jin Hausa yana karantawa yana mayar da ita gida a zuciyarsa, yana kuma jin inda ɗinkin ya matse. Sa'annan akwai abin da mu mutanen Zuru muka fi kowa lura da shi. Da yawa daga cikin waɗanda Bature ya rubuta a matsayin sojan Hausa ba Hausawa ba ne. Akwai Dakarkari, wato Lelna, akwai Tibi da Zabarmawa da Barebari da sauransu. Mutumin da ya tashi da C'lela a bakinsa, a bariki ya goge Hausarsa, da ita ya karɓi umurni, amma da harshen uwarsa ya yi mafarki a ramin tsaro. Wannan rayuwa mai harshe biyu taska ce ga marubuci, littafin kuwa ya wuce ta da sauri.

Abin da littafin ya bari

Babban giɓin da muka gani shi ne gida. Sojojin Bandele suna da baki da barkwanci, amma ƙauyukan da suka fito ba su da nauyi a labarin. Me ya raba saurayi da gonarsa? Haraji ne, ko umurnin sarki da aka ce ya kawo mutane, ko sha'awar kaki, ko gudun wani abin kunya? A ƙasar Zuru ba za a ba da labarin soja a tsallake golmo ba, wato noman da samari ke yi shekara da shekaru a gonar surukai kafin a ba su mata. Mutanen ƙasar nan kan danganta juriyarsu a soja da wannan horo. To, saurayin da ya yi rabin golmo aka ɗebe shi, ya komo bayan shekara uku, me ya tarar? Wa ya yi masa Uhola a bayansa? Wannan kaɗai ya isa littafi guda.

Haka kuma labarin ya tsaya a Bama, bai biyo sojojin gida ba. Alhali kuwa komowar ita ce rabin tarihin. Sa'adu Zungur ya gane haka tun a lokacin, shi ya sa ya tsara waƙarsa ta Maraba da Soja. Waɗanda suka komo sun ga Indiya tana neman 'yanci, sun ga Bature yana jin tsoro yana zub da jini kamar kowa. Wasu sun zama 'yan doka da masinjoji da direbobi, wasu sun koma gona da ciwon da ba a gani. Waɗanda ba su komo ba kuwa, sunayen wasunsu na cikin kusan 27,000 da aka zana a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Da yake al'adar bariki ce a rubuta mutum da sunansa da na garinsu ko ƙabilarsa, kamar shahararren Chari Maigumeri wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, sau da yawa sunan uba ya ɓace, zuri'a ba ta da hanyar gane nata.

Ƙalubale gare mu

Kada a ɗauka muna ɗora wa Bandele laifin abin da bai yi alkawari ba. Ya sauke nauyin mahaifinsa. Isaac Fadoyebo, wanda aka harbe a bakin kogin Kaladan a 1944 wani manomi Musulmi ya ɓoye shi wata tara, shi ma ya rubuta nasa da hannunsa aka buga a 1999, har Barnaby Phillips ya gina littafin Another Man's War a kansa a 2014. Tambayar ita ce, mu fa?

Tun shekarun 1990 ake ta muhawara a kan adabin kasuwar Kano, wasu na suka wasu na karewa. Mu ba mu ga aibin labarin soyayya ba. Abin da muke cewa shi ne, tsohon sojan Bama ba ya cikin taurarin da muka saba gani a littattafanmu, alhali yana zaune a zaurukanmu shekara da shekaru. Zuru ta ba Nijeriya janar-janar, irin su marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami da Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba, amma farabitin da ya share musu hanya babu mai ambatonsa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, haihuwar 1925 ke nan. Lissafin kaɗai ya isa ya nuna mana cewa bakin farko ya kusa rufewa baki ɗaya.

Saboda haka shawararmu ga mambobi, musamman matasa, ita ce kowa ya koma gidansu. A zauna da 'ya'yan tsofaffin sojan da matan da suka saura, a ɗauki muryarsu, a duba akwatunan ƙarfe a fito da lambobin yabo da takardun sallama kafin gara ta cinye. A tambayi waƙoƙin maci da suka riƙa rerawa, da abin da ke sa su firgita da dare. Bayan an tara, sai a zauna a ƙaga labari, a bar tauraro ya zama mutum mai tsoro da yunwa da kewar gida, kada a mayar da shi gwarzon tatsuniya wanda harsashi ba ya kamawa.

Kammalawa

A taƙaice, Burma Boy littafi ne da ya cancanci kowane marubuci ya karanta, domin ƙwarewarsa wajen gina tauraro da haɗa dariya da baƙin ciki. Rauninsa shi ne ya shigo ta ƙofar Bature, ya kuma fita bai kai soja gida ba. Muna roƙon ƙungiya ta duba yiwuwar neman izinin fassara shi zuwa Hausa, ta kuma ware gasa guda a kan labarin tsofaffin soja. Ɗaliban da muka yi wa tambaya sun tafi hutu da aikin gida na tambayo kakanninsu, in Allah ya yarda za mu kawo abin da suka samo a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama lafiya, amin.