Yadda Bakanike Ke Karanta Hayaƙin Motar Gas

A ƙasar Kebbe da Tambuwal, mai son a-kori-kura yakan jira kaka ta wuce, ya sayar da shinkafa da gero, sannan ya nemi dillali. Wannan kuwa ya yi daidai da hunturu, kuma babu lokacin da bakaniken injin gas ya fi so ya duba mota kamarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya taɓa makulli sai ya iso da sassafe, bayan motar ta kwana cikin sanyi. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa, don haka injin da ya gaji yakan rufa wa kansa asiri idan ya ɗumama, amma da sanyin safiya ba ya iyawa.

Da isowarsa zai fara ɗora bayan hannu a kan injin, ya tabbatar ba a riga shi ba. Sai ya sa yaronsa ya murɗa makulli, a jira fitilar hita ta mutu, shi kuwa ya koma baya ya tsuguna kusa da salansa. Baƙin hayaƙi na nufin gas ya fi iska yawa, wataƙila matatar iska ta cika da ƙura ko nozul na zubar da mai. Shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa, sai a zargi ruwan lagireto. Daga nan ya sassauta murfin baƙin mai ya bar shi a bakin ramin. Idan murfin ya kama tsalle, inji na fitar da iska ta ƙasa, aikin ring ya kusa.

Tsohuwar Hilux mai injin 5L, binciken kusan nan ya ƙare. Wadda aka ƙera wa Turai a shekarun baya-bayan nan kuwa, yanzu aka fara, domin a ƙarƙashinta akwai kayan tace hayaƙi. Akwai bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna. Akwai tukunyar DPF, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wadda ke kama baƙar toka, sannan lokaci-lokaci ta ƙone ta da zafin da ya kai kimanin digiri 600. Wasu kuma suna da ƙaramin tanki na AdBlue, wato tsabtataccen ruwa mai yuriya kashi 32.5 cikin ɗari. Yuriyar takin gona danginsa ce, amma wanda ya jiƙa taki ya zuba ya kashe famfon tankin. Idan tankin ya ƙare sarai, kwamfutar motar na hana ta tashi.

Gwanin zai zura yatsa cikin bakin salansa. In tukunyar na aiki, yatsan zai fito kusan fes. In ya fito baƙi ƙirin, an fasa ta ko an kwashe cikinta, sai ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila yana neman sabon tabon walda. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya shinshina: mai da ya haura alama yana warin gas shaida ce cewa motar ta sha fara ƙona tokarta ana kashe ta. A ƙarshe ya jona na'urar bincike, ya ga nauyin tokar da nisan da aka yi tun ƙunar ƙarshe. Masu zaman benci da ke harbin taya da ƙafa suna yaba fenti ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sannan ya juya ga mai saye: "Alhaji, ina za ta riƙa bi, kuma ina za ka sha mai?" Tambayar tana da dalili. Tukunyar na buƙatar gudu mai ɗorewa na kamar minti 20 kafin ta ƙone tokarta. Motar da ke hawa titin Sakkwato zuwa Jega a kai a kai tana samun haka, wadda ke rarrafe daga fadama zuwa kasuwa da giya biyu ba ta samu. Ga kuma batun farar wuta da ke cikin man. Tun 2009 Turai ta ƙayyade ta a kashi 10 cikin miliyan, alhali Nijeriya ta daɗe tana halatta har 3,000, kafin ƙasashen ECOWAS su amince da 50 a 2020. Man da ya kwana a jarkar bumburutu, babu mai iya rantsuwa a kansa.

A ganina, shawarar da irin wannan bakanike ke bayarwa ita ce daidai: manomin da aikinsa duk a daji yake ya nemi wadda aka ƙera wa Afirka tun asali, maimakon ya sayi ta Turai a fige mata kaya, ta riƙa turnuƙe kasuwa da hayaƙi. Wanda ya nace sai ta Turai, zai rubuta masa irin baƙin mai mai ƙarancin toka da za ta sha, ya kuma ce a kai ta babban titi duk mako tun kafin damina ta ɓata hanya.