Hoton da Mai Shi Ta Ƙi: Sharhi a Kan Bangon Faifan London Calling

A watan Satumba na 1979 ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila mai suna The Clash ta yi wasa a wani zaure da ake kira Palladium a birnin New York na Amurka. Kiɗansu, wato fank, reshe ne na kiɗan rok da matasan Ingila suka rungume don nuna fushinsu ga rashin aikin yi da kuma mulkin manya. Irin kiɗan nan ba a sauraronsa a zaune. To amma zauren mai kujeru ne, masu gadi kuma suka hana 'yan kallo tashi. Wannan, a faɗarsa daga baya, shi ya tunzura Paul Simonon, mai kaɗa jita mai kaurin amo. Wasa na dab da ƙarewa sai ya kama wuyan jitarsa ƙirar Fender da hannu biyu, ya ɗaga ta sama kamar mai faskare, ya maka ta da ƙasa.

A gefen dandamali akwai Pennie Smith, mai ɗaukar wa jaridar kiɗa ta NME hotuna, wadda ke bin ƙungiyar a wannan rangadi. Ganin ya nufo wajenta sai ta ja da baya don tsira da kanta, ta danna kyamara tana cikin kaucewa. Da aka wanke fim sai hoton ya fito dishi-dishi. Ba a ganin fuskar makaɗin, ƙafafunsa a buɗe, bayansa a sunkuye, jitar kuma saura ƙiris ta taɓa ƙasa.

Da aka zo zaɓen hoton da za a sa a bangon faifansu na uku, London Calling, wanda ya fito a Disamba 1979, Smith ta ce kada a sa wannan, domin bai fito tangaran ba. Mawaƙin ƙungiyar, Joe Strummer, da mai tsara bangon, Ray Lowry, suka nace. Su suka yi rinjaye. A 2002 mujallar Q ta zaɓe shi a matsayin hoton kiɗan rok da ya fi kowane, a 2010 kuma hukumar gidan waya ta Birtaniya ta buga bangon a kan sarki.

Tambayar da ta kamata manazarci ya yi ita ce, wa ke da gaskiya tsakanin mai hoto da makaɗa? Smith ba ta yi kuskure ba bisa ƙa'idar sana'arta. Duk wanda ya koyi ɗaukar hoto ya san abu na farko shi ne saita ido har hoto ya fito sarai. Sai dai ta auna hoton da mudun gwaninta, su kuwa sun auna shi da abin da yake faɗa. A ganina su ne suka dace. Dishi-dishin nan shi ne shaidar cewa ba shiri aka yi ba. Ya nuna hannun da ya riƙe kyamara ya girgiza, wato akwai mutum a wurin, kuma ya ji tsoro. Da hoton ya fito tsaf, da mai kallo ya zaci an tsayar da makaɗin ne an ce ya maimaita. Rashin fuskar ma ya yi amfani, domin ya mai da Simonon kowane saurayi da aka ce ya zauna alhali jininsa na tafasa.

Duk da haka hoton shi kaɗai rabin gaskiya ya faɗa. Wanda ya gan shi zai ɗauka fashe-fashe ne cike da faifan, alhali waƙoƙi 19 ɗin da ke ciki gini ne. Akwai kiɗan rege da ska na Jamaika, waɗanda Simonon ya tashi yana ji a unguwar Brixton, akwai kuma tsohon salon rok na Amurka. A nan ne aikin Lowry ya cike giɓi. Ya jera sunan faifan da haruffa ruwan hoda a tsaye a gefen hagu, koraye kuma a kwance a ƙasa, daidai da tsarin bangon faifan Elvis Presley na farko na 1956. A can Elvis na rungume da jita, baki buɗe. A nan ana karya ta. Abin lura shi ne a wata waƙarsu ta 1977 The Clash sun yi watsi da Elvis, sai ga shi bayan shekara biyu sun ari rigarsa. Wato bangon na cewa ɗan da ke zagin uba ya san daga gidan da ya fito. Ba don haruffan nan ba, da hoton ya tsaya a matsayin ɓarna kawai.

Akwai kuma abin da ya kamata mai karatu ya yi hattara da shi. Simonon da kansa ya nuna nadamar karya wannan jita, don ita ce wadda ya fi so. Fushin minti ɗaya ne, ba wata aƙida ba. Amma kasuwa ta ɗauke shi ta buga a riguna da fastoci, har a 2019 aka baje karyayyiyar jitar cikin gilashi a gidan tarihi na birnin Landan, mutane na bin layi cikin natsuwa suna kallo. Kayan da aka farfasa don an hana mutane tashi ya koma inda ake hana su taɓawa. Wannan bai rage darajar hoton ba, sai dai yana tuna mana cewa tawaye ma yakan zama haja.

Saura darasi ɗaya ga duk mai aikin fasaha, da alƙalami ko da kyamara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kullum ne ya san inda ɗakin ya fi kyau ba. Da an bi ta Smith, da hoton da aka fi saninta da shi yana can cikin akwati. Kafin mutum ya yaga shafin da ya ga bai gogu ba, ya dace ya nuna wa wani idon tukuna.