3.4 Salon Jagora da Amshi a Addu'ar Rosari ta Hausawa 'Yan Katolika

Wannan sashe zai yi nazarin zubi da tsarin addu'ar Rosari kamar yadda Hausawa mabiya ɗariƙar Katolika suke yin ta a kudancin Katsina, wato ƙasar Pauwa da maƙwabtanta irin su Malumfashi da Ƙafur. Manufa ita ce a gano abin da ya sa wannan addu'a take zama a bakin mutum tun daga ƙuruciya har tsufa.

Da yawa daga cikin waɗannan Hausawa asalinsu Maguzawa ne. Limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka ne suka riƙe aikin mishan na yankin Sakkwato, wanda aka kafa a 1953, ya zama dayosis a 1964, kuma an san wannan ƙungiya da yaɗa Rosari. Babban Taron Batikan na Biyu (1962-1965) ya ba da damar yin ibada da harsunan jama'a, sai Hausa ta ƙara samun gindin zama a coci. A 2023 aka cire Dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, bishop na farko.

Idan aka dubi zubin Rosari, za a ga ya kasu gida biyar. Kowane gida yana ɗauke da Addu'ar Ubangiji sau ɗaya, da gaisuwar Maryamu sau goma, da yabon Allah sau ɗaya. Ita gaisuwar Maryamu rabi biyu ce. Mai ja ya faɗi rabin farko, jama'a su karɓa da rabi na biyu. Wannan tsari bai saɓa wa kunnen Bahaushe ba, domin haka waƙoƙin gaɗa da na gayya suke, akwai jagora akwai 'yan amshi. Saboda haka wanda bai iya karatu ba yana da rabonsa daidai da na mai littafi. Yaron da ke jin amshi guda sau hamsin a zama ɗaya ba ya buƙatar a zaunar da shi hadda.

Abu na biyu shi ne wakilin suna. Addu'ar Ubangiji da rabin ƙarshe na gaisuwar Maryamu duk da “mu” aka gina su, ba da “ni” ba. Ko da mutum shi kaɗai yake, lafazin yana mayar da shi cikin jama'a. Haka kuma, amshin yana ambaton lokuta biyu, wato yanzu da kuma sa'ar mutuwa. Ke nan jigon rayuwa baki ɗaya yana cikin kalmomin da kansu, shi ya sa amshin da yaro ya koya a gaban uwarsa shi ake karanta masa a shimfiɗar ajali.

Amfanin wannan ya ƙara fitowa fili a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin. A watan Mayu na 2021 an kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, a watan Mayu na 2022 kuma aka sace limamai biyu a ƙasar Ƙafur. Rosari ba ta buƙatar liman ko gini. Kowane dattijo ko uwa na iya ja, wanda ya bar ƙauyensa kuwa da ita yake tafiya a ka.

Duk da haka, akwai rauni. Addu'o'in fassara ce, ba a gina su kan kari ko amsa-amo irin na waƙar Hausa ba, don haka daɗinsu ga kunne ya dogara ga muryar mai ja. Yawan maimaitawa kuma yakan jawo sauri, har baki ya riga zuciya. Sai dai kalmomin da aka zaɓa, irin su addu'a da zunubi da albarka da amin, waɗanda Hausa ta aro daga Larabci tuntuni, sun rage baƙuncin fassarar.

A taƙaice, ƙarfin Rosari a bakin Hausawa ya fi rataya ga tsarinta na jagora da amshi fiye da adon harshe. Sashe na gaba zai dubi waƙoƙin coci, inda masu tsarawa suka fi samun sakewa.