Yawon Birni: da bakin wa ake ba mu labari?

Duk ɗalibin da ya taɓa raka baƙo yawon Birnin Damagaram ya san hanyar da ake bi: fadar sarki, lungunan gidajen ƙasa masu zane, gidan da Barth ya sauka, sai a hango barikin Nasara bisa duwatsu, a ɗauki hoto, a hau kabu-kabu a koma. Hanyar ba ta da laifi. Ƙorafina a kan labarin da ake ɗorawa bisa hanyar ne, wanda ƴan jagora suka haddace daga littattafan ƴan yawon buɗe ido, mu kuma muka haddace daga bakinsu.

Ku saurara da kyau, za ku ji tarihin garin an rataye shi a wuyan baƙi. Barth ya iso ƙarshen 1852, an kashe kyaftin Kazamaju a 1898, Faransawa sun ci yaƙin Tirmini a 1899, an mai da babban birni Yamai a 1926. Duk gaskiya ne. Amma Barth makonni kawai ya yi a garin. Tanimun kuwa, da ya yi shekaru wajen talatin yana mulki har 1884, ya ƙarfafa ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a nan gida, jimla biyu ake ba shi a wuce. Maginan da suka murza tubali suka ɗora zankwaye fa? Ko sunan mutum ɗaya ba ka ji.

Ni da nake karatun harshe, abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda sunaye ke mutuwa a bakinmu. An rubuta "Zengou" da rubutun Faransanci, har wasu ƴan lakwal suna faɗinsa kamar baƙuwar kalma. Haba jama'a, zango ne fa! Wurin da ayarin Abzinawa ke sauke raƙuma. Kalmar kaɗai ta gaya maka me ya sa unguwar take wajen gari. Haka Birni: gari mai ganuwa ke nan. Ganuwar ta zube kusan duka, sunan ne ya riƙe ta. Sarki Amadu Kuran Daga ma, wanda ya san kura, ya san daga ta fagen yaƙi, ba ya bukatar fassara.

Kar a ce ina son a musanya labarin Nasara da kirarin fada. Shi ma kirari yana da ɓoyo. Arzikin Damagaram na wancan zamani akwai bayi a cikinsa, an kamo su, an sayar, wasu an bi da su hamada. Ɗan jagora ba ya faɗi don kar ran baƙo ya ɓaci, maroƙi ba ya faɗi don kar ran fada ya ɓaci, mu kuma mun yi shiru tsakani.

Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. Tsofaffin da suka san sunayen ƙofofi, da inda kowace take, da gidajen magina, suna nan zaune a zaure bayan la'asar. A hutu mai zuwa mu raba unguwanni, mu je mu gaishe su, mu ɗauka, mu rubuta da Hausa yadda suka faɗa. Kowace damina bango na faɗuwa, su ma tsofaffin ba jiranmu za su yi ba.