Tsokaci Kan Katun Ɗin The Lion Guard Bisa Ma'aunin Sarautar Daura

Daga cikin finafinan zane da suka shigo gidajenmu ta tauraron ɗan'adam akwai The Lion Guard, wanda kamfanin Disney na Amurka ya nuna daga 2016 zuwa 2019, ci gaban labarin The Lion King na 1994. Na ga ya dace a tsaya a kansa, domin maganar shugabanci yake koya wa yara, mu kuwa Daurawa ba baƙi ba ne a wannan fage.

Jigon labarin shi ne Kion, ƙaramin ɗan Sarki Simba, wanda aka ba baiwar wani ruri mai ƙarfi, aka ɗora masa tsaron ƙasa. Maimakon ya zaɓi zakuna 'yan'uwansa kamar yadda aka gada, sai ya ɗauko dage da dorina da balbela da wata mai kama da damisa, kowa bisa cancantarsa. Mahaifinsa ya ƙi da farko, daga baya ya amince. A nan fim ɗin ya burge ni, domin ya tuna mini da abin da magabata ke faɗa game da rijiyar Kusugu: da aka wayi gari da labarin macijiya, Galadima ya hango daga nesa ya juyo, Kaura ne ya matsa har ya tabbatar ta mutu, shi ya sa jagorancin yaƙi ya zama nasa. Wato aiki ne ya jawo muƙami.

Abin mamaki, ƙarshen labarin ya yi kama da namu. Gamsheƙa ta sari Kion, ya tafi wata ƙasa neman magani, ya taimaki mutanenta, ya auri sarauniyarsu Rani, ya zama sarki a can. Duk wanda ya san yadda Bayajidda ya iso Daura ya auri Magajiya Daurama ba ya bukatar ƙarin bayani. Malamin makaranta na iya jera labaran biyu a aji, ya bar yara su fitar da bambancin.

Sai dai ina da ja a wuri biyu. Na farko, ƙarfin Kion daga kakanninsa matattu yake zuwa, waɗanda ke bayyana cikin gajimare, har kakansa Mufasa na ba shi shawara. Wannan ya saɓa wa aƙidarmu, kuma wajibi ne iyaye su fayyace wa yara cewa ƙage ne.

Na biyu shi ya fi damuna. Fim ɗin na yawan nanata wa yaro ya bi abin da zuciyarsa ta raya masa. A wajen Bahaushe, kamar yadda Kirk-Greene ya nuna a nazarinsa kan mutumin kirki a 1974, ana auna mutum ne da gaskiya da amana da haƙuri da kunya, kuma jama'a ke yin awon, ba shi ba. Sarkin Daura ma masu zaɓen sarki ne ke tsayar da shi, fadawa da malamai na yi masa nasiha. Gaskiya ne fim ɗin ya nuna Scar, wanda ya hallaka dakarunsa don sun ƙi mara masa baya, baiwar ta suɓuce masa. To amma yaro ɗan shekara 7 rurin yake tunawa, shi yake kwaikwayo a tsakar gida.