Rubutun Ambaliya da Rubutun Ban-Ruwa: Sharhi Kan Uzurin "Ba Ni da Lokaci"

'Yan'uwa marubuta, babu uzurin da ya fi yawa a bakinmu kamar "ba ni da lokaci". Malamin makaranta ya ce sai an yi dogon hutu, ma'aikacin ofis ya ce sai ya yi ritaya, uwargida ta ce sai ta yaye goyo, manomi kuma ya ce sai an kai amfani gida. Da a ce wannan uzuri a baki kawai yake tsayawa, da ban ɓata tawada a kansa ba. To amma yana bin mu har cikin littattafanmu, kuma mai karatu mai lura yana ganin sawunsa a shafi.

Ɗauki yawancin ƙagaggun labaranmu masu kashi na ɗaya da na biyu da na uku ka karanta su a zama ɗaya. Za ka tarar babin farko ya ƙayatu, an siffanta gida da mutanensa dalla-dalla. Kana shiga tsakiya sai zaren ya fara kwancewa. Yarinyar da aka ce marainiya ce sai ga mahaifinta yana ɗaura mata aure. Ƙanin da aka tura karatu a shafi na 20 ya ɓace ke nan har abada. A ƙarshe kuma, da marubuci ya gaji, sai ya haɗa mugun labarin da haɗarin mota, a yi tuba, a yi biki, a ce tammat. Sau da yawa ba ƙarancin basira ke kawo haka ba. An rubuta shafi 60 ne a mako biyu na hutu, aka jefa a akwati wata biyar, aka dawo an manta da mutanen da aka ƙirƙira. Wannan shi nake kira rubutun ambaliya.

Mu mutanen fadamar Haɗeja mun san halin ruwa. Ambaliya tana da amfaninta, ita ke kawo kifi da taki, amma idan ta zo gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a 2022, shinkafar da gidan duk takan kwashe. Mai noman rani kuwa, a Auyo ko Guri ko Kirikasamma, ruwan da yake ba albasa da tattasai ɗan kaɗan ne, sai dai ba ya fashi. Ya kuma san cewa magudanar da aka daina bi ana sharewa, kacala ce ke toshe ta. Haka labari yake. Idan ka yi wata biyu ba ka leƙa shi ba, ranar da ka dawo aikin shara za ka yi kafin ka rubuta layi ɗaya mai amfani.

Tarihin adabinmu ma bai goyi bayan masu jiran hutu ba. A gasar da Dakta Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko, yawancin waɗanda suka yi fice masu riƙe da alli ne. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma malami ne a Bauchi. A Masar, Najib Mahfuz ya yi aikin gwamnati har zuwa 1971, yana rubutu a sa'o'in da ya keɓe bayan tashi daga ofis, kuma a 1988 ya karɓi kyautar Nobel.

Wani zai ce ai Imam ɗin ma sai da aka ɗauke shi daga aji aka kai shi Zariya wata shida a 1936 kafin ya rubuta Magana Jari Ce. Gaskiya ne. To amma me ya sa aka zaɓe shi? Saboda abin da ya riga ya rubuta yana cikin aji. Bugu da ƙari, waɗannan watanni shida zama ne na kullum a kan aiki ɗaya, kuma ana ganin amfanin haka a littafin. Duk yawan labaran da aku ya bayar a littafi na ɗaya, mai karatu ba ya mantawa da dalilin ba da su, wato tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Zaren nan bai tsinke ba domin mai saƙar bai saki ƙoshiya ba.

Sai dai kada a fahimce ni a baibai. Akwai wani nau'in rubutun kullum da ya yaɗu tun da labarai suka koma WhatsApp da Wattpad, inda marubuciya ko marubuci ke sakin shafuka kowane dare domin masu karatu na jira. Waɗannan sun cancanci yabo ta fuskar naci, sun kunyata mu masu uzuri. Amma abin da aka rubuta da La'asar aka saka da Isha'i ba ya samun kwana, ballantana gyara. Shi ya sa ake samun hirar waya ta cinye shafi biyar ba tare da labari ya matsa ko taku ɗaya ba, ga haɗe kalmomi da raba su barkatai. Anthony Trollope, marubucin Ingila da ya yi aikin gidan waya shekaru da dama, yakan tashi da asuba ya rubuta kalmomi 250 a kowane minti 15. Masu kafa hujja da shi sukan manta cewa yakan fara ne da karanta abin da ya rubuta jiya. Saboda haka rubutun kullum ba ƙirga shafi ba ne kawai. Komawa kan aikin ne kowace rana, ko da gogewa za ka yi.

To yaya mai iyali da aji da gona zai yi? Da farko ya zaɓi lokacin da ba na kowa ba. Ga mafi yawanmu shi ne bayan sallar Asuba da lazimi, kafin yara su fara neman koko. Ga uwargida yakan zama lokacin da yara suka tafi Islamiyya. Rabin awa ya isa, kuma da rana ya fi, tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Na biyu, ya tsayar da shafi ɗaya. Littafin rubutu mai falle 40 shafi 80 ne, ka ga cikin ƙasa da wata uku ya cika. Na uku, ya ware shafin ƙarshe ya jera sunan kowane mutum na labarin da shekarunsa da danginsa, don kada marainiya ta sake yin uba. Na huɗu, ya tsaya a inda ya san abin da zai biyo baya, gobe ba sai ya yi ta cizon biro ba. Na biyar, ya bar Juma'a don karatu da gyara kaɗai. Idan lokacin duba takardun jarrabawa ya zo, ko yankan shinkafa, ko watan azumi, ya rage zuwa layi biyar, amma kada ya yanke. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan batu shi ne kwana ba a hannunmu yake ba. Marigayi Mu'azu Haɗeja malamin makaranta ne, ya rasu bai kai shekara 40 ba. Da ya jira ritaya, da ba mu da waƙoƙinsa da ɗalibai ke nazari har yau. Ga shi kuma labarin wannan fadama na nan jibge ba a taɓa ba: masuncin da kacala ta cinye masa matsaya, manomi da makiyayi a bakin mashaya ɗaya, dattijon da ya san yadda kogin yake kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Muna ta rubuta gidajen alfarma na Abuja da ba mu taɓa kwana a ciki ba, alhali waɗanda suka san wancan tarihi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan mu 'yan ƙasar ba mu rubuta ba, baƙo ne zai zo ya rubuta mana yadda ya ga dama.

Ina kira ga shugabannin rassanmu da su riƙa tambayar kowane mamba a wurin taro shafi nawa ya rubuta, nawa kuma ya gyara tun zaman da ya wuce. Wanda ya zo da shafi goma masu tsafta ya fi wanda ya zo da alkawarin littafi uku. Allah Ya yi mana jagora, Ya sa albarka a alƙalumanmu, amin.